Ƙiyasin Darajar Gidaje da Rabon Nauyin Haraji a Amurka

Harajin kadara, wato kuɗin da mai gida ko fili ko kanti yake biya duk shekara gwargwadon darajar abin da ya mallaka, shi ne ƙashin bayan ƙananan hukumomi a Amurka, domin daga cikinsa ake biyan malaman makarantun gwamnati da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana, daga cikinsa kuma ake gyara titunan cikin gari da magudanan ruwa. Gwamnatin tarayya ba ta da hannu a karɓarsa, kuma ko jihohi abin da suke samu a ciki kaɗan ne. Gundumomi da birane da hukumomin makarantu ne suke rayuwa a kansa, har ya kai kimanin kashi 70 cikin 100 na duk harajin da waɗannan hukumomi suke tarawa da kansu. Duk da wannan muhimmanci, da wuya a sami harajin da ya kai shi baƙin jini a ƙasar, kuma tun daga shekarar 2020, lokacin da farashin gidaje ya yi tashin gwauron zabi, koke-koken masu gidaje suka ƙaru har suka zama abin da 'yan siyasa suke yaƙin neman zaɓe da shi a jihohi da dama.

Asalin baƙin jinin yana cikin yadda ake lissafa harajin. Harajin albashi yana bin kuɗin da ya shiga hannun mutum, harajin saye da sayarwa kuma yana bin farashin da aka rubuta a rasit, amma harajin kadara yana bin wani adadi ne da babu wanda ya biya shi kuma babu wanda ya karɓe shi, wato ƙiyasin da wani jami'i ya yi na abin da gidan zai yi a kasuwa da za a sa shi. Tsohuwar da ta gama biyan bashin gidanta shekara 20 da suka wuce, wadda kuɗin fanshonta bai motsa ba, tana iya samun takarda cewa gidanta ya ninka daraja, alhali ita ba ta da niyyar sayarwa kuma ba ta ga ko sisi daga wannan arziki na takarda ba. Wanda kuma yake kan biyan bashin gida, galibi bankinsa ne yake tara harajin wata-wata tare da kuɗin bashin, saboda haka sai dai kawai ya ga abin da ake cira ya ƙaru, ba tare da an canza komai a yarjejeniyarsa da bankin ba.

Akwai wani abu da yawancin masu kokawa ba su cika lura da shi ba, kuma shi ne mabuɗin fahimtar batun baki ɗaya. Jami'in ƙiyasi ba shi yake yanke yawan harajin da za a tara ba. Majalisar birni da ta gunduma da hukumar makarantu su ne suke tsara kasafinsu, su ƙayyade abin da suke bukata, sannan a raba wannan jimla a kan darajar dukkan kadarorin yankin, daga nan ne kaso da kowa zai biya yake fitowa. Tsarin ya yi kama da yadda a zamanin Turawa ake yanka wa gari haraji a dunƙule, dagaci ya raba shi tsakanin magidanta. Ma'anar wannan ita ce idan darajar kowane gida a gari ta ninka a lokaci guda, hukumomi kuma suka rage kason da rabi, babu wanda abin da yake biya zai canza. Amma idan aka rage wa gida ɗaya daraja ba bisa ƙa'ida ba, kuɗin da ya kuɓuta daga mai gidan ba ɓacewa yake yi ba, yana komawa ne kan sauran maƙwabta. Saboda haka illar hauhawar ƙiyasi tana da magani a hannun zaɓaɓɓun wakilai, in sun ga dama, ita kuwa illar rashin daidaito zalunci ce da ake ɗauke kaya daga kan wani a aza wa wani, galibi ba tare da wanda aka aza wa ya sani ba.

Jihar Teksas ta fi kowace nuna wannan al'amari a fili, domin ba ta karɓar harajin albashi, har ma a 2019 masu zaɓe suka rubuta haramcinsa a tsarin mulkin jihar, abin da ya sa nauyi ya koma kan harajin kadara da na saye da sayarwa. Kafin 1979 kowace hukuma mai karɓar haraji tana da nata mai ƙiyasi, ta yadda gida ɗaya yana iya samun daraja uku ko huɗu mabambanta a shekara guda, ɗaya a littafin birni, ɗaya a na gunduma, wata kuma a na makaranta. Dokar da ɗan majalisa Wayne Peveto ya daɗe yana fafutuka a kanta ce ta kawo ƙarshen wannan ruɗani a 1979, inda aka kafa hukumar ƙiyasi ta bai ɗaya ga kusan kowace ɗaya daga gundumomi 254 na jihar, aka kuma wajabta mata ta sanya wa kowace kadara darajarta ta kasuwa kamar yadda take a ranar 1 ga Janairu, ta kuma riƙa sabunta ƙiyasin, wanda a yanzu dole ne a yi aƙalla sau ɗaya cikin shekara uku. Takardun sanarwa suna fita ne a wajajen Afrilu, mai gida yana da zuwa 15 ga Mayu, ko kwana 30 bayan aiko masa da takarda, ya shigar da ƙorafi, takardar biya kuma tana zuwa a ƙarshen shekara, a biya kafin Janairu ya ƙare.

Babu hukumar da take iya shiga gidaje dubu ɗari-ɗari ɗaya bayan ɗaya, don haka abin da ake yi shi ne ƙiyasin jimla, wato a tattara bayanan girman gida da shekarunsa da irin gininsa da unguwar da yake, a haɗa da farashin gidajen da aka sayar kwanan nan, kwamfuta ta fitar da adadi ga kowane gida, har da waɗanda ba a sayar ba tun shekaru aru-aru. Ingancin wannan lissafi ya dogara kacokan ga sanin farashin ciniki, kuma a nan ne Teksas ta ɗaure wa hukumominta hannu, domin tana cikin jihohi kaɗan da doka ba ta tilasta bayyana nawa aka sayar da kadara ba. An umarci jami'i ya faɗi farashin kasuwa, an kuma ƙyale kasuwar ta ɓoye masa farashinta. Hukumomin sukan dogara da bayanan da dillalan gidaje suke tarawa don amfanin kansu, da takardun tambaya da suke aika wa masu saye, waɗanda ba dole ba ne a amsa su. A 2020 hukumar gundumar Travis, inda birnin Ostin yake, ta bar darajar gidajen zama yadda take a 2019, saboda ta rasa damar samun bayanan dillalai bayan ƙungiyarsu ta yi ƙorafi a kan amfani da su. Shekara biyu bayan haka, a 2022, ƙiyasin matsakaicin gida a gundumar ya tashi da fiye da rabi a tashi ɗaya. Kasuwar Ostin ta hau da gaske a wancan lokaci, amma mutumin da ya ga adadi ya tsaya cik a wata shekara sannan ya yi irin wannan tsalle ba a ga laifinsa ba idan ya daina yarda da lissafin.

Ɓoye farashi bai shafi kowa daidai ba. Gidajen talakawa da na matsakaita suna da yawa, suna kama da juna, ana sayar da su kullum ta hannun dillalai, saboda haka farashinsu yana fitowa ko ta wace hanya. Manyan gidajen attajirai da dogayen benayen ofisoshi da otal-otal da matatun mai kuwa ba a cika sayar da su ba, in an sayar kuma sau da yawa akan rufe cinikin da yarjejeniyar sirri. An sha gabatar da ƙudurin tilasta bayyana farashi a majalisar jihar, bai taɓa tsallakewa ba. A gefe guda kuma ofishin babban akanta na jihar yana gudanar da nasa binciken darajar kadarori a kowane yankin makarantu, kuma idan ƙiyasin hukumar yankin ya yi ƙasa da na jiha da fiye da kashi 5 cikin 100, yankin yana iya rasa wani ɓangare na tallafin da jiha take ba makarantunsa. Wannan matsi yana tura hukumomin ƙiyasi su ɗaga adadi inda suke da hujja a hannu, hujjar kuwa ta fi yawa a unguwannin masu ƙaramin ƙarfi.

Hanyar ƙorafi, wadda aka tanada don gyara kuskure, ita kanta ta zama wata ƙofa ta rashin daidaito. Mai gida yana iya zama da ma'aikacin hukuma su sasanta, in bai gamsu ba ya bayyana gaban kwamitin sauraron ƙorafi, wanda mazauna gundumar ne suke zama a cikinsa, daga nan kuma ya wuce ga mai sasanci ko kotu. Tsarin mulkin Teksas ya ce dole haraji ya zama daidai kuma bai ɗaya, kuma tun 1997 doka ta ba mai kadara damar neman ragi ba don an wuce farashin kasuwa ba, sai don kawai an sanya masa fiye da tsaka-tsakin abin da aka sanya wa wasu kadarori makamantan tasa. A kan takarda wannan adalci ne. A aikace, kamfanonin da suke da lauyoyi da ƙwararrun ƙiyasi ne suka fi cin moriyarsa, domin benen ofis ɗaya yana samun ragi, na kusa da shi ya kafa hujja da wannan ragin ya sami nasa, na farkon kuma ya dawo shekara mai zuwa ya kafa hujja da na biyun, darajar rukunin baki ɗaya tana ta zamewa ƙasa. Ga masu gidajen zama kuma an sami kamfanonin da suke shigar da ƙorafi a madadinsu su ɗauki wani kaso na abin da aka rage. Wanda yake aikin yini, ko ba ya jin Turanci sosai, ko bai ma san takardar da ta zo masa ana iya jayayya da ita ba, shi ne yake zama da adadin farko, kuma shi ne yake ɗaukar abin da aka sauke wa sauran.

Wannan karkata ba zargi ba ce kawai, an auna ta. Ma'aunin da masana suke amfani da shi mai sauƙi ne: a ɗauki gidajen da aka sayar, a raba ƙiyasin kowanne da farashin da aka saye shi, a ga ko sakamakon ya yi kusa da juna tsakanin gida mai araha da mai tsada. A 2017 jaridar Chicago Tribune, cikin wani dogon bincike da ɗan jarida Jason Grotto ya jagoranta, ta nuna cewa a gundumar Cook, wadda ta ƙunshi birnin Shikago, an daɗe ana sanya wa gidaje masu araha fiye da darajarsu, ana sanya wa masu tsada ƙasa da tasu, kuma ƙorafe-ƙorafe suna ƙara faɗaɗa giɓin maimakon su rufe shi. Abin da ya ƙara wa jama'a takaici shi ne wasu daga cikin manyan 'yan siyasar birnin, irin su Michael Madigan wanda ya daɗe yana shugabancin majalisar wakilan jihar, da Edward Burke na majalisar birni, suna da kamfanonin lauyoyi da sana'arsu ita ce nema wa manyan gine-gine ragin haraji. A zaɓen fid da gwani na Maris 2018 masu zaɓe suka kayar da shugaban ofishin ƙiyasi Joseph Berrios, suka ɗora Fritz Kaegi, wanda ofishinsa daga baya ya wallafa tsarin lissafinsa a intanet domin kowa ya duba. Christopher Berry na Jami'ar Shikago ya faɗaɗa binciken zuwa ƙasar baki ɗaya, ya gano cewa a cikin yanki guda, gidajen da suke rukunin mafi araha sukan biya kusan ninki biyu na abin da rukunin mafi tsada yake biya idan aka gwada da farashinsu na gaskiya. Wasu masana tattalin arziki biyu, Carlos Avenancio-León da Troup Howard, sun nuna cewa baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka suna ɗaukar nauyin da ya ɗara na farare da kashi 10 zuwa 13 cikin 100 a cikin yankin haraji ɗaya.

Ba lallai sai da mugun nufi irin wannan yake faruwa ba, kuma wannan ne ya sa yake da wuyar magani. Kwamfuta tana ganin faɗin gida da yawan ɗakuna, amma ba ta ganin rufin da yake yoyo, ko kicin da aka ƙawata da marmara, ko bambancin wannan layi da wancan a unguwa ɗaya, saboda haka lissafinta yana janyo kowa zuwa tsakiya, ta ɗaga na ƙasa ta sauke na sama. Inda aka bar ƙiyasi ya tsufa kuma abin ya fi muni. A birnin Ditiroit na jihar Mishigan farashin gidaje ya rushe bayan rikicin tattalin arziki na 2008, amma littafin hukuma bai sauko tare da shi ba, ko da yake tsarin mulkin jihar ya hana a ƙiyasta kadara fiye da rabin darajarta ta kasuwa. Farfesar shari'a Bernadette Atuahene ta bi diddigin yadda aka ƙwace kusan kadara ɗaya cikin huɗu a birnin tsakanin 2011 da 2015 saboda bashin haraji, jaridar Detroit News kuma ta ƙiyasta a 2020 cewa an caji masu gidaje aƙalla dala miliyan 600 fiye da ƙa'ida tsakanin 2010 da 2016. Iyalai da yawa sun rasa muhallinsu a kan bashin da tun farko doka ba ta yarda a ɗora musu ba.

Maganin da fushin jama'a ya fi haifarwa shi ne sanya iyaka, kuma Kalifoniya ce ta fara nuna inda wannan hanya take kaiwa. A watan Yuni na 1978, bayan shekarun da farashin gidaje ya yi ta hawa, kusan kashi biyu cikin uku na masu zaɓe suka amince da ƙuduri mai lamba 13 da Howard Jarvis da Paul Gann suka jagoranta, wanda ya tsayar da harajin a kashi 1 cikin 100, ya mayar da ƙiyasi kan darajar 1975, ya kuma hana a ƙara fiye da kashi 2 cikin 100 a shekara har sai gida ya canza hannu. Tsofaffin masu gidaje sun sami kwanciyar hankali, wannan ba abin rainawa ba ne. Sai dai rashin daidaiton da a da kuskure ne yanzu ya zama doka, domin gidaje biyu iri ɗaya a layi ɗaya suna iya bambanta da ninki biyar ko goma, gwargwadon shekarar da kowa ya saya. Wata lauya mai suna Stephanie Nordlinger, wadda ta sayi gida a Los Anjeles a 1988 ta tarar tana biyan kusan ninki biyar na maƙwabtanta, ta kai ƙara har Kotun Ƙoli, amma a 1992 alƙalai 8 cikin 9 suka tabbatar da dokar. A 2003 attajiri Warren Buffett da bakinsa ya bayyana cewa harajin gidansa na Kalifoniya mai darajar kusan dala miliyan 4 bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da yake biya a kan gidansa na Omaha mai darajar kusan dala dubu 500 ba. Matasa masu sayen gidan farko da baƙin da suka zo neman aiki su ne suke cike wannan giɓi.

Iyakar Teksas ta fi sassauci, domin tun ƙarshen shekarun 1990 darajar da ake cajin haraji a kanta ba ta ƙaruwa fiye da kashi 10 cikin 100 a shekara ga gidan da mutum yake zaune a ciki, amma ita ma ta haifar da nata ruɗanin. Mai gida yana ganin adadi biyu a takardarsa, darajar kasuwa da darajar haraji, kuma bayan tsallen 2022 tazarar da take tsakaninsu ta yi faɗi, ta yadda da farashi ya sauko a Ostin a 2023 mutane da yawa suka ga darajar kasuwa ta ragu amma ta haraji ta ƙara kashi 10, tana ƙoƙarin cim ma ta farkon. Ga irin wannan mutum ƙorafi ma ba shi da amfani, tunda ko an rage masa darajar kasuwa ba za ta sauko ƙasa da ta haraji ba. Wanda ya sayi gida kwanan nan kuwa daga cikakken farashi yake farawa.

Majalisar jihar ta bi wasu hanyoyin da suka fi kusa da tushen matsalar hauhawa. A 2019 ta rage abin da birane da gundumomi za su iya ƙarawa a kuɗin shigarsu na wannan haraji ba tare da tambayar masu zaɓe ba daga kashi 8 zuwa kashi 3.5 cikin 100, a 2023 kuma ta ware kimanin dala biliyan 18, mafi yawansa don sauke kason makarantu, ta kuma ɗaga rangwamen gidan zama, wato ɓangaren darajar gida da ba a cajin harajin makaranta a kansa, daga dala dubu 40 zuwa dubu 100. Rangwame irin wannan ya fi iyaka adalci, tunda adadi ɗaya ake cire wa kowa, kuma dala dubu 100 ta fi girma a idon mai gidan dala dubu 200 fiye da mai na miliyan biyu. Wannan garambawul ɗin ya kuma tanadi kujeru uku da jama'a za su zaɓa kai tsaye a hukumar gudanarwar ƙiyasi ta kowace gunduma mai mutum 75,000 ko fiye. Amma dokar ba ta taɓa batun ɓoye farashin ciniki ba, ba ta kuma gyara hanyar ƙorafin da manyan kadarori suke bi ba, sannan fiye da kashi ɗaya cikin uku na magidantan jihar 'yan haya ne, waɗanda harajin yake iske su ta cikin kuɗin haya, kuma gidajen da suke zaune a ciki ba su da rangwamen gidan zama, ba a kuma aiko musu da takardar da za su yi jayayya da ita kafin 15 ga Mayu.